Idan ɓera da sata, wa ya ce mace daddawa ce?

A daren Juma'a 16 ga Satumban 2022, wani ɗan ƙasar Sin mai suna Geng Quanrong ya kutsa wani gida a unguwar Janbulo da ke Kano, ya daɓa wa wata matashiya wuƙa, raunukan suka zama ajalinta. Sunanta Ummukulsum, amma ƙasar nan da Ummita ta san ta. A gidan iyayenta abin ya faru, mahaifiyarta kuma tana gidan.

Kwana biyu bayan haka na hau adaidaita sahu a Kabuga. Mu uku ne a baya, ni da wata budurwa da wata dattijuwa wadda a haife ta haife ni. Ba mu yi nisa ba direban ya ɗauko zancen, don a makon nan babu wata hira a Kano sai wannan.

Dattijuwar ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya jiƙanta, amma fa a faɗi gaskiya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka ci kuɗin mutum sannan ka ce ba ka yi da shi?"

Direban ya ce, "Wallahi Hajiya kin gama magana."

Ta juyo wajena ta ce, "Ko ba haka ba, 'yar nan?"

Murmushin yaƙe na yi, ban ce uffan ba, na sauka inda zan sauka. Shirun da na yi ran nan har yau yana cizona.

Da aka je kotu, Geng ya ce ya kashe wa Ummita kimanin naira miliyan 60. Wannan adadi ya yi ta yawo a wayoyinmu, kowa ya haddace shi, har waɗanda ba su san ranar da aka yi kisan ba. A ranar 26 ga Maris 2024, Babbar Kotun Jihar Kano ƙarƙashin Mai Shari'a Sanusi Ado Ma'aji ta same shi da laifi, ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya.

Abin da ke gaban alƙali shi ne wa ya riƙe wuƙar, kuma da wace niyya. Mu kuwa a majalisu da gidajen biki da Facebook mun buɗe tamu kotun daban, wadda muka gurfanar kuma tana kabari, ba ta da bakin da za ta kare kanta.

Mun fa san yadda ake fuskantar da fushi inda ya dace. A farkon wannan shekarar ta 2022, a Kanon dai, aka gano gawar Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace ya kashe. Gari ya ɗauka, kowa yatsarsa tana nuna mutum ɗaya, har aka yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli. Babu wanda ya tambaya me Hanifa ta yi. To me ya canja a cikin 'yan watanni? Ɗayar yarinya ce ƙarama, ɗayar kuma ta girma, ta taɓa cewa "ina so", daga baya ta ce "ba na so". Da alama daga ranar da mace ta isa ta yi zaɓi, daga ranar ne muke fara ajiye mata wani kaso na laifin duk abin da zai same ta.

Ɓera da daddawa

Ina son karin maganar Hausa, da ita na tashi, amma wannan ta ɓera ya kamata mu dube ta da kyau kafin mu sake jefa ta a kan gawar wata.

Ɓera ba shi da hankali. Bai san haram ba, bai san kayan wani ba, hancinsa ne ke jan shi. Duk wanda ya kawo wannan karin magana a kan fyaɗe ko kisan budurwa, ya sani ko bai sani ba, cewa yake yi namiji dabba ne da ba ya iya riƙe kansa idan ya ji ƙanshi. Ina mamakin yadda maza ba sa jin zafin wannan. Mutumin da muke ba shugabancin gida, da limanci, da alƙalanci, da riƙon gari, saboda a cewarmu ya fi natsuwa, shi ne kuma idan ya yi ta'asa sai mu mayar da shi ɓera. Ba za a ci biyu ba. Idan hankalinsa ya kai ya shugabanci mace, ya kai ya ɗauki laifinsa shi kaɗai.

Ita kuma macen an mayar da ita kayan miya. Daddawa ba ta da ra'ayi, ba ta iya cewa a'a, iyakarta a rufe ta a kwano. Haka muke tunanin tsaron mace: a rufe. Idan aka same ta a buɗe, ko aka yi zaton a buɗe take, to ai ita ta jawo.

Wannan ɗabi'a ce masu rajin kare haƙƙin mata, waɗanda ake kira 'yan feminis, suka daɗe suna nuna wa yatsa: ɗora laifi a kan wanda aka zalunta. Ba Bahaushe ne ya ƙirƙiro ta ba. A Italiya, a wani hukunci da ya tayar da ƙura a 1999, kotun ƙolin ƙasar ta soke hukuncin da aka yi wa wani malamin koyar da tuƙi da aka samu da laifin yi wa ɗalibarsa 'yar shekara 18 fyaɗe. Hujjar alƙalan ita ce wandon jins ne a jikinta, kuma wai ba a iya cire shi sai da taimakon wadda ta sa shi. Sai da mata 'yan majalisar ƙasar suka fito sanye da jins don nuna fushinsu. Kun ga can ma akwai masu shinshina daddawa, har a kan kujerar alƙalanci.

Abin da ya fi ɗaure min kai da farko shi ne me ya sa mata ke sahun gaba wajen wannan. Hajiyar cikin adaidaita ba muguwa ba ce, ƙila ma tana da 'ya'ya mata sa'o'in Ummita. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Melvin Lerner, ya yi wani gwaji a shekarun 1960 da ya ba ni haske. An sa ɗalibai suna kallon wata mata da suke zaton ana jona mata wutar lantarki tana shan azaba. Da suka ga babu yadda za su yi su cece ta, sai suka fara rage mata daraja a ransu, suna ganin kamar ita ma akwai abin da ke damunta. Lerner ya ce mutum yana son ya yarda cewa duniya tana tafiya bisa adalci, mugun abu ba ya samun mutumin kirki haka kawai. Idan ka ga ya samu wani, hanya mafi sauƙi ta kwantar da hankalinka ita ce ka nemo masa laifi.

Wato lokacin da Hajiya ke cewa daddawa da wari, da kanta take magana. Tana gaya wa zuciyarta cewa nata 'ya'yan ba sa karɓar kuɗin saurayi, saboda haka sun tsira. Tsoro ne ya sa rigar hikima. Na fahimce ta, amma fahimtar ba ta mayar da maganar gaskiya ba.

Me tsohuwa 'yar shekara 80 ta sa?

Idan aka bar maganar kuɗi, sai a koma shiga. Wace irin shiga ta yi, ƙarfe nawa ta fita, me ya kai ta can.

A watan Yunin 2020 rundunar 'yan sandan Kano ta sanar da kama wani mutum a garin Kwanar Ɗangora da ake zargi da yi wa mata 40 fyaɗe a cikin shekara ɗaya. A cikinsu akwai yara 'yan shekara 10, akwai tsohuwa 'yar shekara 80. Gidaje yake haurawa cikin dare. Wata uwa ce ta ritsa shi a ɗakin 'ya'yanta, maƙwabta suka bi shi suka kama. Ina son masu maganar shiga su gaya mana wane irin ɗinki ne a jikin tsohuwar nan.

A ƙarshen watan Mayun wannan shekarar, an yi wa Uwaila Omozuwa, ɗalibar Jami'ar Benin 'yar shekara 22, fyaɗe da dukan da ya yi ajalinta a cikin coci, inda ta je yin karatu. 'Yan kwanaki bayan nan aka yi wa Barakat Bello, 'yar shekara 18, fyaɗe aka kashe ta a gidansu a Ibadan. Ɗaya a wurin ibada, ɗaya a gidan ubanta. Waɗannan ne wuraren da muke ce wa 'ya'yanmu mata su tsaya don su tsira. Abin ya yi yawan da gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe a watan Yunin, Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, kuma ya ce ƙorafi 717 na fyaɗe suka samu daga Janairu zuwa Mayu. Waɗanda suka kai gaban 'yan sanda ke nan.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu a Najeriya tana fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata kafin ta kai shekara 18. Duk wanda ya taɓa zama a kotu ko ya bi irin waɗannan labarai ya san cewa sau da yawa mai laifin ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, mai shagon bakin layi, malamin da aka amince wa, ɗan'uwan da ke kwana a shagon ƙofar gida. Babu hijabin da ke kare yarinya daga mutumin da iyayenta da kansu suke aikenta wajensa.

Bakinmu ma ya yanke hukunci

Akwai wani abu da aikin jarida ya koya min, shi ne kula da kalma. Ku saurari yadda muke ba da labarin. Muna cewa "an lalata yarinya", ko "ya ɓata ta". Ita ce ta lalace, ita ce ta ɓaci. Shi da ya aikata, harshenmu bai ba shi wani tabo da zai bi shi har gidan surukai ba. Bayan shekara biyu zai nemi aure a ba shi, wani ma ya ce ai ƙuruciya ce, ya shiryu. Ita kuwa ranar da aka zo neman aurenta, akwai wata maƙwabciya da za ta ja dangin mijin gefe ta ce, "Kun dai yi bincike ko?"

Idan aka yi holen wanda ake zargi, kusan mun san abin da zai faɗa tun kafin a miƙa masa makirufo: sharrin shaiɗan ne, ƙaddara ce, tsautsayi ne. Kuma muna karɓa. Ban taɓa jin an karɓi "sharrin shaiɗan" daga bakin yarinyar da ta yi cikin shege ba.

Haka yake a zaman aure. Igiyar saki a hannun miji take, amma idan aure ya mutu cewa muke "ta kashe aurenta", "ta kasa zama". Mace ta zo gida da kumburarren ido, tambayar farko ita ce "me kika yi masa?" Sai a bi da "ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne", a mayar da ita kafin la'asar. Haƙuri abu ne mai kyau, kuma babu auren da ke tafiya ba tare da shi ba. Amma a nan an raba aiki: ita aka ba haƙurin, shi kuma aka ba shi uzuri.

Doka ma ta taya mu. Kundin Pinal Kod da aka kafa wa Arewa a jajibirin samun 'yancin kai ya zo da sashe na 55, wanda ya ce ba laifi ba ne miji ya ladabtar da matarsa matuƙar bai yi mata mummunan rauni ba, idan al'adarsu ta yarda da haka. A sashen nan guda aka jero uba da ɗansa, malami da ɗalibinsa, ubangida da yaronsa, sannan miji da matarsa. Ku dubi sahun da aka sa matar aure.

Abin da shirun ke ci

Wani zai ce magana ce kawai, ba ta kashe kowa ba. Tana kashewa, sai dai a hankali.

Likitoci sun ce idan aka yi wa mutum fyaɗe, akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da dole a fara sha cikin sa'o'i 72, in an wuce haka ba ya aiki. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa shi ma kwanakinsa a ƙidaye suke. Hujjar da likita zai gani a jiki da tufafi, wadda kotu za ta dogara da ita, tana gushewa da zarar an yi wanka an wanke kaya. Akwai cibiyoyin da aka kafa don wannan, kamar Cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke Kano da cibiyoyin Salama a Kaduna.

To yarinyar da ta tashi tana jin mahaifiyarta da yayyenta suna cewa "ai ita ta kai kanta" a kan 'ya'yan wasu, ranar da abin ya same ta, kuna ganin za ta faɗa cikin sa'o'i 72? Za ta shiga banɗaki ta yi wanka, ta ɓoye kayan, ta ce zazzaɓi take yi. Sai ciki ya fito ko ciwo ya bayyana sannan a sani. A lokacin kuma sai a ce, "Da gaskiya ne, me ya hana ta faɗa tun farko?"

In ma ta faɗa, akwai rufin asiri. A kira mai unguwa, a kira dattawa, a yi sulhu a soro. A ba da kuɗin magani, a ce a bar wa Allah, don kada sunan gidan ya ɓaci, kada ƙannenta su rasa mijin aure. Asirin wa aka rufa a nan? Mutumin ya koma shagonsa, ya kuma koyi darasi ɗaya: unguwar nan ba a tona asiri.

A 2015 aka sa hannu a dokar haramta cin zarafin mutane ta tarayya, wadda ake kira VAPP, jihohi kuma suka ɗauki shekaru suna jan ƙafa kafin su amince da ita. A Satumban 2020 Jihar Kaduna ta yi dokar dandaƙe wanda aka samu da laifin yi wa yaro ko yarinya ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Mutane sun yi ta murna. Sai dai komai tsananin hukunci, ba ya hawa kan wanda ba a kai ƙararsa ba, kuma bakinmu ne ke tare hanyar zuwa kotun.

Mun ga abin da ke faruwa da waɗanda suka daure suka yi magana. A Fabrairun 2019 wata matashiya a Kano ta ba da labarin azabar da ta sha a hannun saurayinta a Twitter, Fakhrriyyah Hashim ta amsa mata da maudu'in #ArewaMeToo, sai ga labarai suna ta ɓullowa kamar an fasa rumbu, na mata da na maza. Kafin watan ya ƙare, 'yan sandan SARS sun je ofishin Maryam Awaisu, ɗaya daga cikin masu tallafa wa waɗanda abin ya shafa, a Kaduna sun kama ta. An sake ta bayan an yi ta kiraye-kiraye. Amma duk yarinyar da ke kallo daga wayarta ta ga wanda aka fara kamawa.

Inda masu suka ke da gaskiya

Ba zan yi kamar ban ji abin da ɗaya ɓangaren ke faɗa ba.

Suna cewa, shin laifi ne uwa ta ce wa 'yarta kada ta yi dare, kada ta shiga ɗakin saurayi? Ba laifi ba ne, ni ma haka nake gaya wa ƙannena. Amma nasiha tana da lokaci. Wanda ya ce maka ka riƙa kulle shagonka masoyinka ne. Wanda kuwa ya zo ya tarar an fasa shagon, an sare ka da adda kana kwance cikin jini, ya tsaya yana tambayar wane irin kwaɗo ka saya, alhali ɓarawon yana tsaye a gefe, wannan lauyan ɓarawo ne ko da bai karɓi ko sisi ba.

Suna cewa akwai 'yan matan da suka mayar da soyayya kasuwa, su tatse saurayi su watsar. Akwai su, kuma ɗabi'a ce mummuna da ta cancanci a yi mata wa'azi da rubutu. Sai dai Bahaushe ya daɗe da sanin yadda ake warware wannan. Wanda aka yi wa alkawarin aure aka saɓa yana zuwa wajen iyaye, in abin ya ƙi ya tafi gaban alƙali ya nemi kayansa. Kotunanmu sun saba da irin wannan ƙara. Hanyar a buɗe take ga mai naira dubu 60 da mai miliyan 60. Duk wanda ya bar ta ya ɗauki wuƙa, ya zaɓa ne. Idan kuma muka ce kuɗin ya rage masa laifi, to mun sa wa ran mace farashi, mun kuma sanar da duk saurayin da ya taɓa sayen waya ya ba budurwa cewa yana da wani haƙƙi a kan jininta.

Suna cewa ana yi wa maza ƙazafi. Ana yi, kuma wanda aka yi wa ya san ɗacinsa, wani har abada sunansa ba ya wankuwa. Maganin ƙazafi shi ne bincike na gaskiya da hukunta wadda aka tabbatar ta yi ƙarya. Amma a lura, "me ya kai ki ɗakinsa?" ba tambayar mai neman gaskiya ba ce. Mai yin ta ya riga ya yarda abin ya faru, so yake kawai a raba laifin biyu.

Sai babbar sukar, wadda ake rufe kowace muhawara da ita: wannan aƙidar Turawa ce, 'yan feminis ne ke son lalata mana tarbiyya. Kalmar ta zama zagi a Arewa, ana jefa wa mace ita kamar yadda ake jefa "karuwa", don a rufe mata baki. Ni kaina akwai abin da ban yarda da wasunsu ba. Masu yi wa maza kuɗin goro suna zaginsu baki ɗaya suna korar mutanen da ake buƙata a tafiyar, kuma gwagwarmayar da aka yi ta da Turanci a otal ɗin Abuja ba ta isa kunnen 'yar talla a Rimin Gado ba. Amma ƙin mai magana ba ya ɓata maganar.

Kuma tarihinmu bai goyi bayan masu cewa baƙon abu ne ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan NEPU, an ɗaure ta har sau 16 tana neman a bar matan Arewa su yi zaɓe, tana yaƙi da auren wuri. Sunayen da aka kira ta da su a zamaninta sun fi "feminis" muni. Matan kudu sun fara zaɓe tun shekarun 1950, namu kuwa sai 1979 suka kaɗa ƙuri'a a babban zaɓe. Yau babu ɗan siyasar da zai ce ƙuri'ar mata aƙidar Turawa ce, layinsu ma ya fi tsawo.

A 2001 wata kotun shari'a a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini hukuncin jifa, a 2002 wata a Bakori ta yanke wa Amina Lawal irinsa. A duka biyun, mazan da aka ambata sun tafi gida saboda rashin hujja, matan kuma ciki da goyo suka zama hujja a kansu. Ƙungiyoyin mata irin su BAOBAB da WRAPA da lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim suka tsaya musu. A kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci a Sakkwato da Katsina aka wanke su, da hujjoji daga cikin fiƙihun Malikiyya. Ba sai da aka je Landan aka aro adalcin ba.

Masu kafa hujja da addini wajen tuhumar shigar mace kuma sun san cewa a Suratun Nur, umarnin runtse ido da maza aka fara kafin a zo kan mata. Malamai sun kuma yi bayani cewa babu haddi a kan wadda aka tilasta. Wa'azin da muke ji a kan rabin farko bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda muke ji a kan rabi na biyu ba.

A nan ne nake ganin babban giɓin yake. Tun yarinya tana shekara 6 ake koya mata yadda za ta zauna, yadda za ta yi dariya, inda ba za ta bi ba. Ɗan'uwanta yana fita tun safe sai dare, babu mai tambayar inda ya je, in an yi magana a ce namiji ne. Wa ya taɓa zaunar da shi ya ce idan mace ta ce ba ta so, magana ta ƙare? Wa ya koya masa yadda ake ɗaukar ƙi ba tare da an ji kamar an zubar masa da mutunci ba? Muna renon yaro a kan cewa namiji ba ya kuka, ba a ce masa a'a, sannan mu yi mamaki idan ya girma ya kasa haɗiye a'a.

Wannan tarbiyya tana cin yara mazan ma. Binciken 2014 ɗin nan ya ce yaro ɗaya cikin goma yana fuskantar irin wannan cin zarafi. Su nasu shirun ya fi na mata zurfi, don yaron da ya faɗa ya san abin da za a fara tambayarsa: kai ba namiji ba ne, me ya hana ka ƙwaci kanka?

Lokacin da nake karatun babbar difloma, akwai wata ƙawata da wani malami ya sa wa ido. Ya riƙe mata sakamako, ya ce sai ta same shi a ofis bayan an tashi. Ta je sau ɗaya, ta fito a guje mayafinta a hannu. Ni na raka ta wajen wata babbar ma'aikaciya da muke kira Anti, muna ganin mace ce, za ta fahimta. Ta saurare mu har ƙarshe, ta dubi ƙawata daga sama har ƙasa, ta ce, "Ke kuma me ya kai ki ofishinsa ke kaɗai? Duk 'yan ajinku bai ga kowa ba sai ke?"

Ƙawata ba ta sake gaya wa kowa ba, ko a gidansu. Ta faɗi darasin, ta sake faɗuwa, a zangon gaba ta daina zuwa. A gida an ce karatun ne ya fi ƙarfinta, aka yi mata aure.

Bayan shekara biyu na koma karɓar takardar shaidata. Na bi ta gaban ofishin. Sunansa yana nan a jikin ƙofar, an ma ƙara masa muƙami. Wata ɗaliba tana tsaye a bakin ƙofar da fayil a ƙirjinta, tana ta gyara hijabi, tana jiran ya ce ta shigo.